Kyautar gwarzon jarumi ta masu sharhi: me ya bambanta ta da sauran kyaututtukan fim?

A jahar Damagaram, daga birni har ƙauyukan ƙaramar hukumar Gaffati da ke gundumar Mirya, fina-finan Hausa na Kano sun zama abin kallo na yau da kullum a wayoyin salula da talabijin. Gardama kan wane jarumi ya fi wani iya wasa kuwa ba ta ƙarewa a fadar matasa. A wasu ƙasashe akwai masu yanke hukunci kan irin wannan gardama sau ɗaya a shekara. Su ne ƙungiyoyin masu sharhin fina-finai na birni ko na yanki, waɗanda ke ba da kyautar gwarzon jarumi ga ɗan wasan da ya fi kowa riƙe babban matsayi a fim.

Su wa ke yin zaɓen?

Kyaututtukan fim iri-iri ne. Akwai wanda jama'a ke kaɗa ƙuri'a ta waya ko ta intanet, inda mai yawan masoya ke yin nasara. Akwai na bukukuwan baje kolin fina-finai, inda ake naɗa ƴan alƙalai kaɗan su duba fina-finan da suka shiga gasa kaɗai. Akwai kuma irin na Oscar a Amurka, wanda ƴan masana'antar da kansu ke zaɓe.

Masu sharhi kuwa ƴan jarida ne da aikinsu shi ne kallon fim da rubuta ra'ayi a kansa tsawon shekara, ba tare da suna da hannun jari a fim ɗin ba. Ƙungiyar masu sharhi ta birnin New York, wadda aka kafa a 1935, tana cikin mafi daɗewa, kuma Charles Laughton ne jarumin farko da ta karrama. Takwararta ta Los Angeles ta biyo baya a 1975. A 2022 ta daina raba maza da mata, ta koma ba da kyautar babban matsayi ga mutum biyu, inda Cate Blanchett da Bill Nighy suka samu.

Da yake yawancin ƙungiyoyin nan a watan Disamba suke bayyana sakamakonsu, kafin bikin Oscar, zaɓinsu yakan ja hankalin duniya ga wasan da wataƙila da an manta da shi. Forest Whitaker, wanda ya fito a matsayin Idi Amin na Uganda a fim ɗin The Last King of Scotland, ya samu kyautar masu sharhin New York a ƙarshen 2006, sannan ya ɗauki Oscar a farkon 2007.

Me suke dubawa?

Mai sharhi yakan tambayi kansa ko ɗan wasan ya ɓace cikin mutumin da yake kwaikwayo, ko kuwa shi ɗin ne dai ya canza riga. Yana lura da murya, da tafiya, da yadda fuska ke canzawa sa'ad da wani ke magana shi yana saurare. Yana kuma duba ko halin mutumin ya sauya daga farkon labari zuwa ƙarshe ta hanyar da hankali zai ɗauka. Kyan fuska, da yawan mabiya a Facebook, da yawan fina-finan da jarumi ya fito a shekara ba sa cikin ma'aunin. Shi ya sa wani lokaci zaɓin masu sharhi ke saɓa wa na ƴan kallo, har ya jawo ƙorafi.

Abin da masu sharhi suka yi wa Nijar

Tarihin fim na Nijar ya nuna amfanin irin wannan ido. Oumarou Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indocina, yana aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da Jean Rouch ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc, wadda galibi masu sharhi ne ke yanke hukuncinta a Faransa. Daga baya Ganda ya shirya Cabascabo, labarin sojan da ya dawo gida ya ɓarnatar da kuɗinsa, kuma shi ne ya fito a matsayin sojan. Sashen Makon Masu Sharhi na bikin Cannes ya zaɓi fim ɗin a 1969. Shekara uku bayan haka, a 1972, Ganda ya zama mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu, da fim ɗin Le Wazzou polygame. Ya rasu a 1981, kuma FESPACO na ba da wata kyauta da sunansa.

A FESPACO, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, alƙalan gasa ne ke zaɓen gwarzon jarumi. Marc Zinga ya samu a 2019 saboda fim ɗin La Miséricorde de la jungle. Ƙungiyar masu sharhin fina-finai ta Afirka, FACC, wadda aka kafa a 2004, tana ba da tata kyautar a bikin da sunan Paulin Soumanou Vieyra, sai dai fim take karramawa dungurungum.

Ina fina-finan Hausa?

Masana'antar Kano ta faro ne da Turmin Danya a 1990, kuma mujallar Fim, wadda ke rubutu kan harkar, ta fara fitowa a 1999. Sanannun kyaututtukan da jaruman Kannywood suka samu galibi mujallu ne da kamfanoni suka shirya su, kamar na mujallar City People ta Legas. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban hukumar fina-finai ta Najeriya a 2024, ya ci kyautar jarumi mai tasowa ta AMAA a 2007 saboda fim ɗin Sitanda. Ita ma Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta ci kyautar AMAA a 2016 da fim ɗinta na gaskiya L'Arbre sans fruit, kafin ta fitar da Zinder a 2021, wanda ya shiga unguwar Kara-Kara.

Inda farin jini kaɗai ke yanke hukunci, furodusa yakan ɗauki fuskar da ta riga ta yi suna don ya mayar da kuɗinsa, sabon ɗan wasa daga Damagaram ko Maraɗi kuma ya daɗe yana jiran a lura da shi. Kyautar masu sharhi ta yanki ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Tana buƙatar ƴan jarida na rediyo da na jaridu da za su kalli fina-finan shekara gaba ɗaya, su ƙi karɓar goro daga masu shirya fim, su kuma bayyana wa jama'a da Hausa dalilin da ya sa suka fifita wane a kan wane.