Farar Shirwar Wales Da Abin Da Launinta Ke Nunawa

A tsakiyar yankin Wales na ƙasar Birtaniya, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Rhayader, akwai gonar Gigrin, inda kullum da rana ake watsa yankakken nama a fili. Kafin mai watsawa ya juya baya, garken jar shirwa ya rufe sararin samaniya, ɗaruruwa suna shawagi suna surar nama ba tare da sun sauka ba. Tun farkon shekarun 1990 ake wannan ciyarwa, masu ɗaukar hoto kuma kan yi tattaki daga nesa su laɓe a rumfunan katakon da aka tanadar musu. Da yawansu tsuntsuwa ɗaya suke dako: wadda za ta ɓullo fara sol a tsakiyar jajayen 'yan uwanta.

Jar shirwa dangi ce ta kusa ga shirwar nan mai ruwan ɗorawar baki da ke kewaya mayanka da wuraren ƙona daji a Abuja da rani. Sai dai ta Turai ta fi girma, jikinta ja-ja ne, jelarta kuma ta fi tsagewa. Masu lura da ita a Wales sun kiyasta cewa kusan ɗaya cikin ɗari na 'ya'yan da ake ƙyanƙyashewa can kan fito da farin gashi ko koɗaɗɗe, adadin da ya zarce na sauran wurare.

Dalilin yana cikin tarihinta. A zamanin da, doka ce ke kare shirwa a Landan, domin ita ke share mushe da ƙazanta daga tituna. Daga baya aka ɗauke ta a matsayin ɓarauniyar kaji, aka bi ta da guba da bindiga, masu tara ƙwai kuma suka dira a kan sheƙunanta. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta ƙare ƙaf a Ingila da Sukotland. A kwarurukan Wales kaɗai ta tsira, kuma ko da aka kafa kwamitin kare ta a 1903, a shekarun 1930 ma'auratan da suka rage ba su kai goma ba. Har sojoji an taɓa girkewa suna gadin sheƙuna. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna daga baya cewa mafi yawan shirwar Wales zuriyar mace ɗaya ce. Idan dangi ya ƙuntata haka, 'yan uwa na auren juna, halin gado da ke ɓoye cikin jini sai ya sami ƙofar fitowa. Abin da mai kyamara ke murna da shi, ke nan, tabo ne na lokacin da jinsin ya leƙa kabari. Da aka tashi mayar da tsuntsuwar Ingila da Sukotland daga 1989, an ɗauko 'ya'ya daga Sifaniya da Suwidin.

Jama'a kan kira duk farin tsuntsu zabiya, amma masana sun bambanta. Zabiya na gaskiya ba shi da sinadarin melanin ko kaɗan, idanunsa jajaye ne, ganinsa kuma mai rauni. Tsuntsun da abincinsa ya dogara ga hango ɓera daga sama, idan ya rasa kaifin ido bai cika kaiwa shekara ba, shi ya sa da wuya a ga babban shaho zabiya a daji. Wanda aka fi gani shi ne mai koɗewar launi: gashin ya yi fari, duka ko wani sashe, idanu kuwa suna nan da launinsu da lafiyarsu. Akwai kuma na uku, mai kama da furfurar ɗan Adam, inda farin gashi ke ƙaruwa duk lokacin da tsuntsu ya sake gashi. Hein van Grouw, mai kula da sashen tsuntsaye a gidan adana tarihin halittu da ke Tring a Ingila, ya daɗe yana nuna cewa wannan furfura ce ke haddasa da yawa daga fararen fuka-fukan da ake kai rahoto.

Farin yana da tsada ga mai shi. Melanin ne ke ƙarfafa gashin tsuntsu, saboda haka farin fiffike kan riga baƙi zaizayewa. Abin farauta kuma kan hango shi tun daga nesa, haka ma mai bindiga.

Ma'aikacin da ya hangi farin tsuntsu a kan wayar lantarki a hanyar filin jirgi kada ya yi saurin cewa ya ga abin al'ajabi, domin a nan ma ana yin ungulu da kan zabo. Akwai ƙaramin shaho mai farin ƙirji da baƙaƙen kafaɗu da jajayen idanu, wanda kan tsaya cak a iska yana kaɗa fuka-fuki. Haka Allah Ya halicce shi. Haka ungulun da ke cin 'ya'yan kwakwar manja, wadda babbarta fara ce mai baƙi a fiffike, da mikiyar da ke kamun kifi a bakin manyan ruwaye, mai farin kai da ƙirji. Abin dubawa shi ne siffar jela da salon tashi da launin ido, sannan ko farin ya zauna daidai a fiffiken hagu da na dama.

Wanda ya tabbatar kuwa, akwai inda hotonsa zai yi amfani: cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jami'ar Jos, wadda tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da gudummawar 'yan sa-kai. Bayyana ainihin wurin a Facebook kuma wani al'amari ne daban. Cinikin sassan tsuntsaye don tsibbu da magani na cikin abubuwan da suka sa a 2015 aka saka ungulun da muka saba gani a mayanka a jerin halittun da ke daf da ƙarewa, kuma a irin wannan kasuwa tsuntsun da ya fita daban shi ake fara nema.