Ƙananan Fayi na Ceri, Mu Kuma da Zoɓo

A Amurka ana gasa fayi mai zaƙi da ceri, wasu jajayen 'ya'yan itace masu ɗan tsami. Wasu kan yi shi ƙanana, loma ɗaya-ɗaya. Ceri sanyi yake so, ba ya yi a ƙasarmu, na gwangwani kuwa sai ya cinye jarin. Ni dai zoɓo nake ba ku shawara, 'yan uwa.

Ku dafa zoɓon ya yi laushi, ku daka, ku sa sukari da ɗan garin kastad ya yi kauri sosai. In da ruwa-ruwa, zai tsiyaye ya ƙone. Kwaɓin fulawar irin na mit-fayi ne. Ku yanka da bakin kofi, ku zuba ƙaramin cokali ɗaya, ku ninke, ku danne bakin. A gasa cikin tukunya mai yashi, kamar minti 20. Wajen sa farashi, ku lissafa har kuɗin gawayi.