Tsawon Kara, Kaurin Murya

Duk wanda ya tashi a gonakin Bakura ko na bakin madatsar Bakolori ya san abin da yara ke yi idan an kwantar da dawa. Sukan zaɓi kara, su rarake shi, su tsaga ɗan harshe a gefe, su kama busa. Babu malamin da ya koya musu, amma sun san gajeren kara siririyar murya gare shi, dogo kuwa kauri. Wannan abin busa, da wasu ke kira tilboro, ɗan'uwa ne ga kilarinet ɗin manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai, domin dukkansu harshe ɗaya ke kaɗawa ya ba da amo.

Mabushin kilarinet a irin waɗannan ƙungiyoyi da guda biyu yake zama, ɗaya a hannu, ɗaya a tsaye gabansa. Ana kiran ɗaya Bi-filat, ɗayan kuma A. Na biyun ya ɗara na farko tsawo da abin da bai kai yatsa ba, muryarsa ta sauka da rabin mataki. Me zai sa mutum ya sayi biyu saboda wannan ɗan bambanci?

Makaɗan Musa Ɗanƙwairo Maradun ba su san wannan wahala ba. Mai kotso yakan matse tsarkiya ko ya sassauta, murya ta hau ko ta sauka. Abin busa kuwa da muryarsa ake ƙera shi. Ramukan da aka huda su ne iyakarsa.

Kilarinet ma ya fi sauran taurin kai. Yawancin kayan busa, idan aka haye zuwa murya ta sama, mataki 8 suke tsallakewa. Shi 12 yake yi, saboda cikinsa miƙaƙƙe ne, bakinsa a rufe. Giɓin da ke tsakani ya fi ƙarfin yatsu goma. Wanda Johann Christoph Denner ya ƙera a Nuremberg ta Jamus wajen 1700 maɓalli biyu kacal gare shi, wasu muryoyin kuma a dishe suke fita. Dabarar da ta rage ita ce a canza kayan idan waƙa ta canza mazauni.

A 1812 Iwan Müller ya kai wa makarantar kiɗa ta birnin Faris wani mai maɓalli 13, ya ce shi kaɗai ya isa. Alƙalan suka ƙi, suka ce kowane da irin zaƙinsa. Mutane da yawa na ganin riƙon tsohon yayi ne. Ni dai ina bayan alƙalan, domin kunnen da ya saba da kakaki da farai a ƙofar fadar Sarkin Mafara ya san ba hawa da sauka kaɗai ake saurare ba, har da jikin muryar. Kilarinet na A ya fi na Bi-filat taushi da sanyi, a kan mazauninsa Mozart ya tsara shahararren kiɗansa na kilarinet a 1791.

Har yau, ana tsakiyar kiɗa, za ka ga mabushi ya zare bakin wannan ya ɗora wa wancan cikin gaggawa, don kada jiƙaƙƙen harshen ya bushe.