Cittar Kudancin Kaduna: Kaya Mai Daraja Cikin Buhun Da Ba Shi Da Suna

KAFANCHAN: A kowace shekara, daga kaka zuwa ƙarshen rani, manyan motoci kan yi lodin dubban buhunan busasshiyar citta daga kasuwannin Kafanchan, Kwoi, Kachia da Kubacha, su nufi Kano ko kuma tashoshin jiragen ruwa na Legas. Sai dai da wuya a sami buhu ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da sunan wanda ya noma cittar, ko ƙauyen da ta fito, ko ranar da aka ɗinke bakinsa. Idan ma akwai rubutu a jiki, sau da yawa na kamfanin taki ne ko na shinkafa, domin buhun ya riga ya yi wata hidima kafin ya shigo hannun manomi.

Wannan al'amari, wanda da yawa ke ɗauka ƙarami ne, yana cikin manyan dalilan da suka sa ribar citta take tsallake yankin da ke noma ta.

An soma noman citta don kasuwa a kudancin lardin Zazzau ne wajajen 1927, wato daidai lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa. Tun daga nan sana'ar ta kafu a yankunan da a yau suke ƙananan hukumomin Jaba, Kachia, Kagarko, Jema'a da Zangon Kataf, inda aka fi sanin iri biyu, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Kafin annobar da ta auka wa gonaki a 2023, alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sanya Nijeriya cikin ƙasashe ukun farko wajen noman citta, tare da Indiya da Sin, kuma mafi yawan abin da ƙasar ke samarwa daga kudancin Kaduna yake fitowa. Masana'antun ƙetare suna neman ta ne saboda yajinta da kuma yawan man da ake tatsa daga gare ta, wanda ake sanyawa a lemo, biskit da magunguna.

To amma yadda kayan ke barin gona bai canja sosai ba. Manomi kan tone citta, ya wanke, ya tsaga ta biyu, ya shanya a kan fako ko dutse, wani lokaci ma a gefen kwalta. Sai an tara kimanin kilo 4 zuwa 5 na ɗanya kafin a sami kilo ɗaya na busasshiya. Daga nan sai a ɗura a buhu a kai kasuwa, inda dillali zai saya daga hannun mutum goma ko ashirin ya haɗa wuri guda. Babban ɗan kasuwa kuma zai juye, ya sa a tsince, ya sake ɗurawa a buhunan kilo 40 ko 50 don cika kwantena. A kowane mataki, labarin kayan yana ƙara ɓacewa. Lokacin da buhun zai isa Rotterdam ko Dubai, abin da ya rage masa na shaida bai wuce sunan ƙasa da nauyi ba.

Illar wannan ga farashi a fili take. A 1970 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, George Akerlof, ya yi bayani a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa muddin mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da maras kyau, to farashi ɗaya zai taya wa duka, kuma farashin zai karkata ne wajen na maras kyau. Haka abin yake ga citta. Matar da ta shanya tata a kan tabarma mai tsabta har ta bushe ƙarau, da wanda ya ɗura tasa da sauran laima a jiki don ta yi nauyi, kusan kuɗi ɗaya za su karɓa. Ba a daɗewa mai ƙoƙarin zai gane cewa wahalarsa ba ta biya, ya bi sahun ɗan'uwansa. Shi kuwa mai saye na ƙetare, da yake ya san yana iya cin karo da fumfuna, ƙasa ko duwatsu, sai ya rage wani abu daga tayinsa tun kafin ya ga kayan.

Haɗarin ma ya fi haka. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a jikinsa. Hukuncin ya hau kan kowa, mai laifi da maras laifi, domin babu yadda za a yi a bi sawun buhu zuwa rumbun da ya fito. Buhun taki da aka zuba wa abin da mutane za su ci yana iya jawo wa citta irin wannan masifa.

A ɗaya ɓangaren kuma, wajen da ake sanya wa citta suna shi ne wajen da take yin tsada. Lissafin ba shi da wuya. Buhu mai kilo 50, in an niƙa shi, zai ba da ƙulli kusan 500 masu giram 100, in aka cire ɗan abin da ke salwanta wajen niƙa da tankaɗe. Kamfanin da ya zuba garin a ƙaramar kwalba, ya liƙa tambarinsa, ya jera a kanti a Jamus ko Ingila, shi ne ke cin bambancin da ke tsakanin farashin buhu da na kwalba. Gaskiya ne cewa ba duka bambancin ne riba ba, domin akwai kuɗin gwaji, kashe ƙwayoyin cuta, sufuri, talla da la'adar mai kanti. Duk da haka, abin da ke saura ya isa ya sa kamfanonin ba su taɓa gajiya da wannan ciniki ba.

Wasu ƙananan masu sana'a a Kafanchan da kewaye, musamman ƙungiyoyin mata da matasa, sun fahimci haka, kuma sun shiga niƙa citta da gangamau, da haɗa garin shayi da lemon citta. Abin yabo ne. Amma a nan ne ake ganin cewa ba a ɗauki mazubi da muhimmancin da ya kamace shi ba. Lemon citta, kamar zoɓo da kunun zaƙi, galibi a tsofaffin robobin ruwa ake sayar da shi, waɗanda aka tsinto aka ɗauraye. Gari kuwa a farar leda ake ƙulle shi. Wannan ya wadatar ga cinikin tasha da na maƙwabta, inda mai saye ya san fuskar mai sayarwa. Amma da zarar kaya ya bar unguwa, mazubin ne kaɗai zai yi magana a madadin mai shi.

Aikin farko na mazubi kariya ne, ba ado ba. Ƙamshin citta yana cikin wani mai ne da ke saurin bin iska, kuma niƙa yana ƙara masa saurin tafiya. Farar leda mai shara-shara ba ta tare haske, ba ta kuma hana iska da laima shiga yadda ya kamata, don haka garin da aka ƙulla da ƙarfinsa zai iya yin lami ko ya dunƙule kafin damina ta yi nisa. Jaka mai rufin gwangwani a ciki wadda aka liƙe bakinta da zafi, ko kwalba mai murfi da hatimi, ta fi tsada a kan kowane ƙulli, amma ita ce ke ba mai kanti a Abuja ko Jos ƙwarin gwiwar ajiye kayan wata da watanni.

Aiki na biyu shi ne bayani, kuma wannan doka ce ta tanada. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, ta wajabta cewa duk abincin da aka ƙulla don sayarwa ya nuna sunansa, abubuwan da aka haɗa shi da su, nauyinsa, suna da adireshin wanda ya yi shi, lambar rukunin da aka sarrafa tare, ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, da kuma lambar rajistar hukumar. Dole bayanin ya kasance da Turanci, amma babu abin da ya hana a ƙara da Hausa. Manyan kantuna kuma kan nemi zanen layi-layin nan da na'urar mai karɓar kuɗi ke karantawa, wanda ƙungiyar GS1 ke bayarwa. Lambobin da aka yi wa rajista a Nijeriya da 615 suke farawa.

Sai na uku, wato zanen kansa, inda kurakurai suka fi yawa. An saba ganin takarda ɗaya da launi shida, da salon rubutu huɗu, da hoton wata kwalba da aka kwafo daga intanet, ga kuma jerin cututtukan da wai garin ke warkarwa, tun daga sanyi har hawan jini. Wannan na ƙarshe ba ɓata zane kawai yake yi ba, yana iya hana kaya samun rajista, domin hukuma ba ta yarda a yi wa abinci da'awar magani haka kawai. Mai saye da ke tsaye gaban kanta ba ya ba kowane kaya fiye da ɗan kallo. Abin da yake buƙata ya gani daga nesa shi ne mene ne wannan, na wane ne, daga ina. Abin mamaki, kalmar da ta fi kowace daraja a hannun mai sana'ar yankin, wato Kachia ko Kwoi ko Kafanchan, ita ce ake ɓoyewa a ƙasa da ƙananan haruffa, a ɗora wani sunan Turanci da ba ya nuna komai a sama.

Ba rashin gwanaye ne ya kawo haka ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashe guda na koyar da zayyanar kayan masana'antu, wanda ya daɗe yana yaye ɗalibai a fannin zane da ɗab'i. Matsalar ta kuɗi ce. Buga zane kai tsaye a jikin leda yana buƙatar a sassaƙa wa kowane launi farantinsa, kuma maɗaba'u ba sa karɓar aikin sai adadin ya kai dubbai masu yawa. Mai niƙa buhu biyu a wata ba zai iya ɗaure jarinsa a nan ba. Mafitar da ta fi dacewa da shi ita ce ya sayi jakar da ba a yi wa rubutu ba, ya liƙa sitika mai launi ɗaya ko biyu da aka tsara da kyau. Ƙungiya mai mutum talatin kuwa tana iya yin odar jaka iri ɗaya, kowa ya bambanta nasa da hatimi.

Annobar ruɓewar citta ta daminar 2023 ta sa wannan magana ta zama ta gaggawa. Cutar ta cinye gonaki da dama a yankin, hukumomi suka ƙiyasta asarar da kimanin Naira biliyan 12, iri ya yi ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti na musamman don shawo kan cutar. Idan kaya ya yi ƙaranci ya yi tsada, abu biyu kan biyo baya. Na farko, algus kan ƙaru, musamman a gari, inda ido ba ya iya gane abin da aka cakuɗa. Na biyu, masu saye na ƙetare kan nemi wasu kasuwanni, kuma ba lalle ne su dawo ba don kawai gona ta farfaɗo. Manomin da amfaninsa ya ragu ba shi da hanyar cike giɓi illa ya sami ƙarin kuɗi a kan kowane kilo, wannan kuwa ba ya samuwa ga kayan da ba a san mai shi ba.

Akwai misali a maƙwabta. A 2013 masoron Penja na ƙasar Kamaru ya sami rajistar sunan asalin wuri a ƙungiyar OAPI, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha a yawancin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, sannan a 2022 Tarayyar Turai ta amince da sunan. Ba wanda zai kira kayansa Penja sai ya noma shi a yankin kuma ya bi ƙa'idojin da manoman suka rubuta wa kansu, lamarin da ya ɗaga farashinsa ƙwarai. Nijeriya ba ta cikin OAPI, amma dokar tambarin kasuwanci ta 1965 ta ba da damar yin rajistar tambarin shaidar inganci, wanda ƙungiya za ta riƙe ta ba duk wanda ya cika sharuɗɗanta izinin amfani da shi. Tambarin ɗan kasuwa na kansa yana samun kariyar shekara 7 da farko, a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Siffar mazubi kuma ana iya yi mata rajista a ƙarƙashin dokar 1970 na tsawon shekara 5, a sabunta sau biyu.

Sai dai tambari alkawari ne, kuma ba a yin rajistar alkawarin da ba a shirya cikawa ba. Saboda haka matakin da ya fi araha, wanda kuma ya kamata ya riga duk sauran, yana kan buhun ne da kansa: sabon buhu da bai taɓa ɗaukar taki ba, nauyi ɗaya da aka auna a sikeli, da tambari mai launi ɗaya da ke nuna sunan ƙungiya, ƙauye, irin cittar, watan da aka shanya ta da lambar rukuni, tare da littafin da sakataren ƙungiya zai riƙa rubuta wanda ya kawo kowane rukuni. Kuɗin faranti da fenti bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da farashin buhun citta guda. Wahalar tana wajen shawo kan babban ɗan kasuwa ya daina juye buhunan wuri ɗaya, abin da ba zai yi ba sai ranar da wani mai saye a ƙetare ya aiko yana neman a ƙaro masa irin rukunin da ya karɓa bara, ya kuma ambaci lambarsa.