Ɗan Kyanwa da Wasan Farauta

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ɗan yi muku bayani a kan wani abu da ya kusa sa ni yin zalunci a zangon karatun da ya wuce, watau sha'anin 'yar kyanwa da wasanta.

Ni dai ɗakin haya nake zaune a unguwar Mayo Gwoi, nan Jalingo. Da rani ya kama sai ɓeraye suka dame ni, suka huda buhun garin masarata, suka gaigaye bangon littafin da na ara. Kun san kuwa ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga abinci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno cikin 1969, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa, jiharmu ta Taraba kuwa tana cikin wuraren da yakan ɓulla da rani. Sabo da haka tsohuwar da muke haya gidanta ta ba ni 'yar kyanwa mai kamar mako shida, ta ce, "Ga sojanka nan, ɗana."

Na riƙa kulle ta in zan tafi koleji, domin akwai karnuka a layin, ga kuma 'yan tsakin maƙwabta. Ba a yi wata guda ba ta zame mini fitina. In na kwanta ta faɗa wa yatsun ƙafata, in na gitta ta fito daga ƙarƙashin gado ta rungume idon sawuna da cizo. Ran da ta yayyaga taswirar da na kwana biyu ina zanawa domin gwajin koyarwa, na jefa ta cikin kwali zan kai ta bakin kogin Lamurde in yar. Goggo ta tare ni a zaure, ta ce, "Me ka ba ta ta kama duk yinin nan?" Na ce, "Kifi na ba ta, Goggo, ta ƙoshi." Ta ce, "Ba ci na tambaye ka ba."

Wannan magana ita ta sa na koma na yi bincike, ga kuwa abin da na samu.

Ɗan kyanwa ido rufe ake haihuwarsa, sai ya yi kamar kwana 7 zuwa 10 kana ya buɗe. In ya kai wajen mako huɗu, uwar takan fara kawo musu mataccen ɓera, daga baya ta kawo mai sauran rai ta saki a gabansu, in ya tsere ta kamo ta sake ajiyewa. Ga malama mai tsara darasi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba ta kuwa shiga koleji ba! A cikin wannan lokaci ne za ka ga 'ya'yan suna yi wa juna sanɗa, suna laɓewa, suna zabura, suna kokawa. Tawa an raba ta da uwa da 'yan'uwa tun darasin bai yi nisa ba, ba wanda zai rama cizonta ta gane ya yi zafi.

To, kama ɓera gado ne ko koyo? Mu Hausawa mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani masani ɗan ƙasar Sin, Zing-Yang Kuo (sunan ne kawai ya yi kama da garin Zing namu), ya gwada abin, ya buga sakamako cikin 1930. Cikin 'ya'yan kyanwa 21 da suka ga uwarsu tana kashe ɓera, 18 sun kashe. Cikin 20 da aka rena a ware, 9 ne suka kashe. Cikin 18 da aka rena keji ɗaya da ɓera, 3 kaɗai. Watau sha'awar tana cikin jini, tun da wasu sun yi ba wanda ya nuna musu, amma gani da sabo suna ƙara ta ko su danne ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yunwa dabam, farauta dabam. Cikin 1976 Robert Adamec ya saki ɓera kusa da kyanwowi suna tsakiyar cin abincin da suke so. Suka bar ci, suka kashe ɓeran, sa'an nan suka koma ga akushinsu. Ashe gaskiyar Goggo ke nan. Cikin 'yar kyanwata a cike yake, amma awa takwas tana ɗaki ba abin da ke motsi. In na dawo, ƙafata ce ɓeran farko da ta gani ran nan.

A darasin halayyar yara an koya mana ra'ayin Karl Groos, Bajamushe, wanda ya rubuta cikin 1896 cewa wasan ƙananan dabbobi shirin aikin girma ne. Na so in riƙe wannan hannu biyu, sai na tarar Tim Caro cikin 1980 ya ga cewa 'ya'yan kyanwa da aka ba kayan wasa ba su fi sauran gwanintar kamu ba da suka girma. Haɗuwa da ɓera na gaske ita ke koyar da su. Sabo da haka kada wani ya ce na ce igiya za ta mai da kyanwar Lami mafarauciya. A ganina amfanin wasa ga kyanwar ɗaki shi ne ya ba ta inda za ta sauke abin da ke cinta, ya motsa jikinta kada ta yi teɓa. Har masanan Jami'ar Exeter ta Ingila sun gano cikin 2021 cewa wasan minti 5 zuwa 10 kullum ya rage abin da kyanwowi ke kamowa gida da kashi 25 cikin ɗari. Mai 'yan tsaki zai yi murna da wannan. Mai fama da ɓera kuwa ya lura ragewa aka ce, ba dainawa ba.

Yadda nake yi ba ya cin ko kwabo. Na ɗaure gashin kaza uku a bakin igiya, na ɗaura igiyar a karan dawa. Asirin yana wajen ja. Ɓera ba ya zuwa wajen kyanwa, guje mata yake, don haka kada ka kaɗa mata a hanci. Ja shi ya yi nesa, ya tsaya cik, ya shige bayan akwati. Nan za ka ga mage mai kwanciyar ɗaukar rai: ciki a ƙasa, kunnuwa gaba, ɗuwawu na rawa, sai tsalle. Ka bari ta cafke lokaci lokaci, gama farautar da ba kamu takan ƙara mata haushi ne. Da asuba da magariba ya fi, lokacin farautarsu ke nan, in an gama kuma a ba ta abinci, za ka ga ta lashe jiki ta yi barci. In zan fita nakan bar mata totuwar masara da takarda dunƙulalliya da kwalin nan da na so in yar da ita a ciki, na huda masa ƙofa biyu. Igiya kam ɓoye ta nake, don in kyanwa ta haɗiye zare yakan naɗe mata hanji. Kada kuma a yi mata wasa da hannu tsirara, kada a zuba maganin ɓera inda take.

Yanzu watanta bakwai. Ta bar ƙafata, buhun garina kuma ba sabon rami. Wanda ke son ganin yadda ake jan igiyar ya same ni ran Asabar da yamma, ya taho da gashin kazarsa, nawa ya ƙare.