Kada Ragowar Fenti Ta Lalace

'Yan'uwa manoma, kwanakin baya na ziyarci wata ƙungiya a bayan Ƙofar Kabuga, kan hanyar Gwarzo. Sun ɗauko ragowar fentin bara za su shafa wa amalanke kafin damina, sai suka tarar ya bushe kamar ƙanzo. Kuɗin ƙungiya ya tafi a banza ke nan.

Iska da zafi su ke kashe fenti. A Kano kuwa zafin Afrilu yakan kai digiri 40. Saboda haka in an gama aiki, a goge bakin gwangwani, a shimfiɗa leda, a ɗora murfi, a buga da katako har ya zauna daram. In saura kaɗan ne, a juye cikin ƙaramin gwangwani, gama iskar da ke ciki ita ke busar da shi. A rubuta launi da kwanan wata, a ajiye a inuwa, nesa da murhu da yara.

In samansa ya yi ɓawo, a yaye, a dama, a tace da tsumma. Mai mai a sirka da kananzir kaɗan, na ruwa da ruwa. Gwangwanin kuwa, ko ya ƙare, kada a zuba masa hatsi ko ruwan sha.