KAFIN A AZA TUBALI: YADDA KWAMFUTA KE ZAƁA WA KAMFANONI WURIN GINI

A fitowar wannan mako, ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu ta ɗauko wata tambaya da yawancinmu muka taɓa yi a zuci. Me ya sa wani gari yake da banki, gidan mai da ƙarfen sabis, wani garin kuma sai an hau mota an yi tafiya kafin a cire kuɗi, ko a hau tudu kafin waya ta kama?

A da, manajan kamfani ne ke zuwa ya zagaya gari, ya gaisa da hakimi, ya duba fili da idonsa. Har yanzu ana yin haka. Amma kafin ya taso daga Legas ko Abuja, akwai abin da ya riga shi duba garin, wato manhajar kwamfuta. Idan manhajar ta nuna wurin ba shi da riba ko haɗarinsa ya yi yawa, sau da yawa manajan ba ya ma tasowa. Shi ya sa ya dace mu 'yan Batsari da Safana mu san yadda take aiki.

Aiki uku na manhajar

Mai shago ɗaya ba ya buƙatar kwamfuta don ya tuna ranar biyan haya. Amma ku ɗauki banki mai rassa ɗaruruwa, ko kamfanin waya mai ƙarafan sabis dubbai a faɗin Najeriya. Wane gini ne nasa, wanne ne na haya? Yaushe wa'adin hayar zai ƙare? Wane rufi ne ke yoyo? Wane janareta ne ya fi shan gas? Ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba za ta riƙe wannan ba. Aikin farko ke nan: ajiye rajistar kowane gini da tunatar da abin da lokacinsa ya yi. Archibus da TRIRIGA na kamfanin IBM suna cikin manhajojin da aka sani da wannan aiki.

Aiki na biyu shi ne taswira. Wani masanin ilimin ƙasa mai suna Roger Tomlinson ne ya jagoranci haɗa tsarin farko na irin wannan a Kanada cikin shekarun 1960, don ƙididdige filayen ƙasar. A yau ana kiran tsarin GIS a taƙaice. Don ku gane shi, ku ɗauka kuna da farar leda guda biyar. A ta farko kun zana hanyoyi, a ta biyu rafuka da kwari, a ta uku gidaje, a ta huɗu kasuwanni da makarantu, a ta biyar wuraren da ruwa ya taɓa ci. Idan kuka jera su ɗaya kan ɗaya kuka ɗaga sama, nan take za ku ga filin da ke kusa da hanya, kusa da jama'a, nesa da hanyar ruwa. Abin da kwamfuta ke yi ke nan, sai dai ita tana iya jera leda ɗari cikin ƙiftawar ido. ArcGIS na kamfanin Esri sayensa ake yi, QGIS kuwa kyauta ne ga duk mai kwamfuta.

Aiki na uku shi ne auna haɗari, kuma shi ne ya fi shafar mu.

Yadda ake lissafin haɗari

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba. Tambaya biyu ake yi: sau nawa abin ke faruwa, kuma in ya faru nawa za a yi asara? Sai a raba asarar a kan shekarun.

Ga misali na ƙirƙira. Wani ɗan kasuwa yana son gina sito don ajiye hatsin naira miliyan 10. An nuna masa fili biyu. Na farko yana bakin rafi, kuɗinsa miliyan 2, amma ruwa yana cin wurin sau ɗaya a shekara 5. Na biyu yana kan tudu, kuɗinsa miliyan 5, ruwa ba ya kai masa sai sau ɗaya a shekara 50. A fili na farko, miliyan 10 a raba 5, ya zama kamar yana asarar miliyan 2 kowace shekara. A na biyu, miliyan 10 a raba 50, naira dubu 200 kacal. Miliyan 3 da ya rage wajen sayen fili mai araha, kafin shekara biyu ta cika lissafi ya cinye su. Araha ba ta ado.

Kamfanonin inshora sun koyi wannan darasi da tsada. A 1987 wata Ba'amurkiya mai suna Karen Clark ta kafa kamfanin da ke amfani da kwamfuta wajen kwaikwayon dubban guguwa, don a ga irin ɓarnar da za su iya yi wa gine-gine. Da farko ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. A 1992 guguwar Andrew ta afka wa jihar Florida. Lissafinta ya nuna asarar za ta iya haura dala biliyan 13, manyan masu inshora suka ce ta yi ƙari. Da aka gama ƙirga, abin da suka biya ya haura dala biliyan 15, kamfanoni da dama suka karye. Tun daga nan irin wannan manhaja ta samu karɓuwa.

Ba sai mun je Amurka ba. A watan Yulin 2018 an tafka ruwa cikin dare a Jibiya, maƙwabciyar Batsari. Mutane sama da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Allah Ya jiƙansu. Ruwa yana da hanyarsa, ko da ya shekara ashirin bai bi ta ba. Taswirar tudu da kwari tana nuna wannan hanya tun kafin a haƙa harsashi.

Ina muka kwana a Najeriya?

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ɗora amanar filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Shekaru da yawa bayanan filaye suna cikin fayil-fayil na takarda. Fayil ya kan ɓata, gara ta kan ci, fili ɗaya a kan sayar wa mutum biyu. A 2003 aka kafa AGIS don mayar da rajistar filayen Abuja cikin kwamfuta. Kaduna ta kafa KADGIS, Kano tana da KANGIS, mu ma a Jihar Katsina muna da KATGIS. Amfanin abin a bayyane yake: kamfani ba ya zuba miliyoyi a filin da bai tabbatar da mai shi ba, banki kuma ba ya karɓar jinginar gidan da ba shi da takarda.

Akwai kuma hukumomin da ke samar da bayanan yanayi. NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke fuskantar barazanar ambaliya. Duk waɗannan bayanai abincin manhaja ne.

Yadda kwamfuta ke kallon Batsari da Safana

A nan ne maganar ta zo gida. Ruwa ba shi kaɗai ne haɗarin da ake aunawa ba, tsaro ma yana ciki. Idan ma'aikacin kamfani ya buɗe taswirar yammacin Katsina, zai ga Dajin Rugu kusa da mu. Zai ga rahotannin hare-haren da aka kai ƙauyukanmu, kowanne da ɗigonsa. Zai ga cewa a ranar 11 ga Disamba 2020 an sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Zai ga cewa a watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. Manhaja za ta haɗa wannan duka ta shafa wa yankinmu jan launi.

Ba ƙarya ta yi ba. Mun fi kowa sanin abin da ya same mu. Amma hari yana shiga jarida ranar da ya faru, ciniki kuwa babu mai rubutawa. Buhun rogo nawa ke fita daga Batsari a kaka? Kuɗi nawa ke bi ta hannun masu POS ranar kasuwa? Gida nawa aka ƙara a cikin gari bayan mutanen ƙauyuka sun dawo ciki? Wace unguwa ce ba ta taɓa ganin hari ba? Idan ba a shigar da waɗannan ba, kwamfuta za ta auna asara ba tare da ta auna riba ba, kuma za ta yi wa duk ƙaramar hukuma kuɗin goro. Sakamakonsa shi ne babu reshe, babu sito, babu aikin yi ga matasa. Rashin aikin yi kuma kowa ya san abin da yake haifarwa.

Akwai shaida cewa gyara taswira yana canza rayuwa. Tun wajen 2012, masu yaƙi da cutar shan inna a Kano da sauran jihohin Arewa suka fara zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan adam, aka kuma ba masu allurar rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai aka gano matsugunan da ba sa cikin tsohuwar taswirar hannu, yaransu ana ta tsallake su. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Wanda ba ya cikin taswira, rabo ya kan wuce shi ba tare da kowa ya yi niyyar cutar da shi ba.

Abin da za mu iya farawa da shi

Ba sai mun mallaki kwamfuta ba. Takardar kwali, ruwla da fensir sun isa. Muna ba kowane aji shawara, ƙarƙashin kulawar malamin ilimin ƙasa ko na lissafi, ya gwada waɗannan a cikin harabar makaranta:

1. A zana ajujuwa, ofis, rijiya ko famfo, masai da katanga, a auna tsakaninsu da taku.
2. Bayan ruwan sama mai ƙarfi, a sa alama inda ruwa ke kwanciya da inda zaizaya ta fara cin ƙasa.
3. A rubuta ajin da bangonsa ya tsage ko rufinsa ke yoyo, tare da kwanan wata.
4. A duba nisan masai da rijiya. Masana lafiya suna ba da shawarar kada ya gaza mita 30.
5. A tambayi maigadi da dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa bi a shekarun baya. Abin da ke kansu babu tauraron da ya ɗauke shi.

Gargaɗi mai muhimmanci: taswirar da ke nuna ƙofofi, ɗakunan kwana ko inda katanga ta faɗi, ba ta Facebook ko WhatsApp ba ce. Bayanin da ke taimakon mai gyara yana iya taimakon mai ɓarna. A miƙa ta ga shugaban makaranta kawai. Kada kuma wani ya fita bayan gari da sunan awo.

Idan shugaban makaranta ya je gaban ƙungiyar iyaye da malamai ko ofishin ilimi da takarda mai nuna cewa aji kaza ya shekara uku ruwa na kwanciya a gindinsa, maganarsa za ta fi nauyi a kan ya ce makaranta na buƙatar gyara.

Ga masu tunanin abin da za su karanta nan gaba, wannan fage yana neman masu safiyo, masu tsara birane, masana ilimin ƙasa da masu rubuta manhaja. Tushensu duka lissafi ne da ilimin ƙasa, darussan da wasunmu ke gudu. Wani zai zana taswirar yankin nan ko muna so ko ba ma so. Gara a ce cikin masu zanen akwai ɗan Ruma, 'yar Wagini, ɗan Runka ko 'yar Zakka, waɗanda suka san kowane rafi da sunansa.

Ajin da ya fara kammala taswirarsa ya sanar da ƙungiyar 'yan jarida, za mu kawo labarin yadda suka yi aikin a fitowa ta gaba. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.